Bindigogi Biyu a Kan Dardumar Zarwali

Ran Talata bayan la'asar aka tarar da Ustaz Zarwali kwance cikin shagonsa, harsashi ɗaya a ƙirji. Babu wanda ya ji harbin. Ko kuma a ce kowa ya ji, don a kasuwar Darra tun hantsi har faɗuwar rana harbi ake yi. Duk wanda zai sayi bindiga sai ya leƙo bakin shago ya ɗaga ta sama ya gwada. Har jakunan da ke dakon gawayi sun daina ɗaga kunne.

Kaista Gul, maƙerin da shagonsa ke manne da na Zarwali, shi ne ya shiga aron magagari ya fito da salati.

Kafin a kira Samandar mai bin sawu, mutum ya fi hamsin a ƙofar shagon, kuma suna ɗaya ne a bakinsu: Gulab Sher. Shekara goma sha tara ke nan da aka zubar da jini tsakanin gidansu da gidan Zarwali a kan hanyar ruwan gona. Mutum huɗu suka tafi kafin dattawa su kashe wutar. Ga shi kuma da safen nan an ga Gulab Sher a bakin shagon yana ɗaga murya.

Samandar ya iso yana tafiyarsa ta kullum, kai a sunkuye. Shekararsa sittin da bakwai. A gefen mayafinsa akwai ɗan kwanon ƙarfe da yake ƙullewa, wanda yake kifewa a kan sawu idan ba ya so iska ko ƙafar mutane su ɓata shi. Tare da Zarwali suka yi karatun allo. Bai kalli gawar ba sai da ya gama kallon ƙasa.

Baryalai, babban ɗan mamacin, ya tare shi a bakin ƙofa. Idonsa a bushe yake, wannan ne ma ya fi ba Samandar tsoro.

"Kaka, ni ba sawu nake nema ba. Na san gidan."

"To ai ka san shi. Gidan zai tashi ne kafin jibi?"

Malik Sardaraz, dattijon unguwa, ya dafa kafaɗar Baryalai. Ya ce a binne Ustaz gobe da safe, jirga, wato majalisar dattawa, za ta zauna ran Alhamis bayan la'asar. In ƙasa ta nuna Gulab Sher, a ƙone gidansa, sauran kuma tsakaninsa da 'ya'yan Zarwali. In ba ta nuna kowa ba...

"In ba ta nuna kowa ba, ni na nuna," in ji Baryalai.

*

Da aka ɗauke gawar, Samandar ya sa aka ja ƙofar, ya tsuguna shi kaɗai.

A kan dardumar da Zarwali ke zama da baƙi akwai bindigogin hannu guda biyu, manya, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Duk ƙirar Zarwali ce, ko makaho ya shafa zai sani. Ɗaya baƙin ƙarfe ce tun daga baki har mariƙi, mai nauyi, irin tsohon samfurin nan da Samandar kansa ke ajiye da shi a ƙarƙashin matashi shekara arba'in. Ɗayar kuma sabon yayi ce, jikinta na farin ƙarfe mara nauyi. An zare gidan harsashin kowace an ajiye gefe. Ya shinshina bakinsu. Duk biyun an harba su yau.

Wani ya zo zaɓe ke nan. Ya gwada wannan, ya gwada waccan.

Ya ja kan mai nauyin baya. Harsashi ya faɗo kan darduma. Ashe an zare gidan amma an bar ɗaya da ya riga ya hau. Ya ja kan mara nauyin. Babu komai a ciki.

Butar shayi ta kife kusa da inda hannun Zarwali ya faɗi. Koren shayi ne, da ƙamshin kimba da citta irin haɗin da Zarwali ke yi da kansa. Ga kofi biyu. Samandar ya daɗe yana kallonsu. Baƙon kasuwa, daga mai shayin tsallake ake aiko masa. Wanda Zarwali zai hura wa wuta da hannunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Sai ƙasa. Daɓen shagon maƙeri kullum a rufe yake da garin ƙarfe, ko ɓera ya wuce sai ya bar suna. Ga sawun Kaista Gul ya shigo a tsanake ya fita a guje. Ban da shi da na waɗanda suka ɗauki gawar, babu komai. Ba a ga sharar tsintsiya ba, ba a ga jan tsumma ba. An goge wurin ne, sannan aka barbaɗa garin ƙarfe a kai daidai wa daida, har inda ya kamata a ga sawun mai shagon kansa.

Ɓarayi da tsintsiya suke sharewa, kuma sharar ce ke tona su. Wannan kam ya san abin da mai bin sawu ke nema.

Wani abu ya taɓa zuciyar Samandar. Ya miƙe da sauri, ya ce wa kansa gwiwarsa ce.

*

"Ni fa ban ga komai ba, Lala," in ji Kaista Gul, yana kiransa yadda ake kiran yaya. Yana zaune a gaban teburin aikinsa. "Injin huda ne a kunnena tun azahar. Ko aradu ta faɗo ba zan ji ba."

"Kai da kake jin kukan kaskon maƙwabci daga nan har masallaci?"

"Wannan abinci ne, daban ne." Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu. "Shekara talatin muna zagin aikin juna. Jiya ma na ce masa bindigarsa sai an yi mata addu'a take tashi. Da na sani da wata maganar na yi masa."

"Wa yake ƙera wa waɗannan biyun?"

"Ya ƙi faɗa. Wata uku yana goga. Na ce masa wane sarki ne wannan, ya ce sarkin bai iso ba tukuna. Ka san shi da magana a dunƙule."

Kaista ya tuna wani baƙo daga Kohat, mai farar hula, da ya daɗe a shagon da hantsi. Samandar ya sami sawun a bakin titi, takalmi mai ƙasan taya, dunduniyar dama ta cinye. Ya bi shi ta layin masu harsashi, ta gaban mai gasa nama, har tashar motoci. Direbobi uku suka shaida mutumin ya hau motar Kohat kafin azahar. Zarwali kuwa a sahun gaba ya yi azahar, liman ya gan shi.

Hanya ɗaya ta toshe ke nan.

*

Da safen Laraba aka binne Zarwali. Daga maƙabarta Samandar ya wuce gidan Gulab Sher. Ƙofar a kulle take, bakin bindiga ya leƙo ta ramin katanga kafin fuska.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni da gwiwata."

Tsakar gidan cike da ƙullin kaya. An tura mata da yara wajen dangi a kan dutse. 'Ya'yansa maza biyu na saman soro. Gulab Sher ya jawo gadon igiya da ƙafarsa ta hagu, wadda harsashi ya lalata a wancan rikicin.

"Me ya haɗa ku jiya?"

"Tsohuwar bindigar farautata na kai masa. Ya juya ta ya ce in kai wa matata ta riƙa tona wutar tanderu da ita. A gaban mutane. Na ce masa ubansa ma da ita ya koyi aiki. Shi ke nan fa."

"Ka shiga?"

"Ni? Shekara sha tara ban taka dardumarsa ba. Daga bakin ƙofa nake miƙa masa, daga nan nake karɓa." Ya zauna a bakin gadon. "Amma wa zan kai wa in ba shi ba? Duk garin nan wa ya iya kamarsa?"

Samandar ya riga ya gani. Sawun ƙafar da ake ja ya tsaya taku ɗaya kafin dokin ƙofa, ya juya, kuma sawun mutanen azahar ya hau kansa. Ya kife shi da kwanonsa tun jiya.

"Wannan ba zai ishi Baryalai ba," in ji Gulab Sher. "Zai ce na dawo na goge. In ba ka kawo musu wani ba, ni ne." Ya ɗaga kai ya kalli soro. "Ƙaramin nan a watan gobe zai fara karatun likitan dabbobi a Peshawar. Bai taɓa harbin ko tsuntsu ba. Dubi abin da na ɗora masa a kafaɗa."

*

Samandar ya dawo gida ana kiran azahar, ya tarar da takalman mata birjik a ƙofar ɗaki. Matarsa Zarguna ta fito hannunta jiƙe, fuskarta na kuka da dariya a haɗe.

"Tsoho, kana can kana shinshinar ƙasa jikanka ya iso. Namiji ne."

Ya dafa bango. Shekara goma sha ɗaya ke nan da auren ɗansa Nauroz da Palwasha. Sun je Peshawar, sun je Lahore, sun sha duk abin da aka ce su sha. Nauroz malamin firamare ne, yana koyar da 'ya'yan mutane ya dawo gidan da babu kuka.

"Ina uban?"

"Yana bayan gida wajen tunkiya. Ka je ka gani ko kai zai yi wa magana. Tun jiya bai ci komai ba, na ce tsoron haihuwar ne. To ga shi an haihu." Ta goge hannu da gyale. "Kuma ka ji shiru? An haifi namiji a gidan nan, ba harbin murna, ko ƙarar buɗe kwalba babu. Maƙwabta za su ce mace ce muke ɓoyewa."

"Ana makoki, Zarguna."

"Haka shi ma ya ce. Mutumin da wata tara yana cika mana kunne, wai sabuwar bindiga zai saya, ba zai tarbi ɗansa da tsohon gwangwaninka ba. Jiya har ya ce in ya tashi daga makaranta zai je ya zaɓo. Ya dawo hannu biyu, wai bai samu zuwa ba."

Samandar ya ji kamar an zuba masa ruwan ƙanƙara a ƙeya.

Ana cikin haka aka yi sallama. Baryalai ne, da ƙurar maƙabarta a takalminsa.

"Kaka, labari ya iso mana wajen zaman makoki. Inna ce ta aiko ni. Ta ce kada ku yi shiru saboda mu. Baba ya fi kowa jiran yaron nan, da yana nan shi zai fara harbi. Ta ce ku harba, tana so ta ji daga ɗaki."

Ya juya ya tafi. Samandar ya shiga ɗaki ya ɗago matashi, ya ɗauko tsohuwar bindigarsa.

Nauroz na zaune a kan kwandon ciyawa. Ya ga bindigar, ya miƙe.

"Ungo. Matar Ustaz ta ce a harba."

"Baba, kai ka harba."

"Ɗanka ne."

Nauroz ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Ya juya bakin ƙasa. Ya zare gidan harsashin. Sannan ya ja kan baya ya leƙa ciki. Ya saki. Ya sake ja ya leƙa. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa. Ya ja na uku.

Tun Nauroz na ɗan shekara goma sha biyu Samandar ke masa faɗa a kan abu ɗaya. In ka zare gidan, ka ja kai ka duba, akwai wanda ya riga ya hau. Shi kuma kullum sai ya yi dariya ya ce, Baba, ai wannan in an zare mata gida ta mutu, ko an danna kunama ba ta tashi. Kuma gaskiyarsa ne, haka aka ƙera irinta. Shekara ashirin da biyar bai taɓa dubawa ba ko sau ɗaya.

Yau ya duba sau uku.

Samandar ya zauna a kan kwandon da ɗansa ya tashi. Daga cikin ɗaki jaririn ya fara kuka.

"Garin ƙarfen," ya ce a hankali. "Kai kaɗai na taɓa nuna wa. Kana yaro, ka tambaye ni yadda za a yi a ɓace mini."

Bindigar ta zame daga hannun Nauroz ta faɗa cikin ciyawa.

*

Bai yi kuka ba da farko. Magana ya yi, a jere, kamar yana karanta wa ɗalibai.

"Na je bayan azahar ta ƙofar baya, don ya ce kada kowa ya gani sai ranar. Ya fito da su a naɗe. Ya ce wata uku yana yi, in zaɓi ɗaya, kyauta ce ga yaron. Na leƙa na harba kowace sau biyu. Na zare gidajen. Ya ce mai nauyin ta gidanku ce, hannunka ya san ta, amma mara nauyin ita yaron zai so in ya girma. Na ce ban iya zaɓa ba. Ya yi dariya ya ce malamin makaranta ke nan, a ba shi abu biyu ya nemi na uku."

Ya ci gaba.

"Ya ce in ji laushin kunamarsu. Na danna ta mai nauyin, shiru, kamar kullum. Ya sunkuyo yana zuba mini shayi. Yana cewa, to taɓa ɗayar ka ji. Ko kallona ba ya yi, Baba. Shayin yake kallo kada ya zube."

Tunkiyar ta matso tana cin ciyawa a gefen bindigar.

"Ya yi magana?"

"Ya ce, kai, Nauroz. Kamar na ɓarar masa da wani abu. Shi ke nan."

"Me ya hana ka fita ka kira mutane?"

"Na tashi zan fita. Sai na tuna Palwasha. Na ce in Baryalai ya harbe ni yau, yaron zai zo babu uba. Na ce bari dai in gan shi. Ban san za a ce Gulab Sher ba ne. Wallahi ban kawo shi a raina ba."

"Ka gan shi yanzu?"

"Na kasa ɗaukarsa."

Samandar ya kalli hannayensa. Babu wanda ya san abin da daɓen shagon ya faɗa sai shi. In ya ce ƙasa ta yi shiru, an yarda, don bai taɓa ƙarya a gaban jirga ba. Sai a ƙone gida ɗaya, yaro mai son karatun dabbobi ya mutu a saman soro, jikansa kuma ya tashi da uba.

"Gobe zan faɗi abin da na gani," ya ce. "Duka. In suka tambaye ni suna, zan faɗa. Sai dai na fi so kada a kai ga tambayata."

Ya ɗauki bindigar ya kakkaɓe, ya mayar ƙarƙashin matashi. Ranar ba a yi harbi a gidan ba.

*

Ran Alhamis bayan la'asar zauren Malik Sardaraz ya cika har waje. Dattawa a da'ira. Baryalai da ƙannensa a gabas, Gulab Sher da 'ya'yansa a yamma, Kaista Gul a tsakiya yana jan carbi. An tara bindigogin kowa a bakin ƙofa. Nauroz na can baya, jikin ginshiƙi.

Samandar ya shimfiɗa dardumar Zarwali. Ya jera bindigogin biyu, da gidajen harsashinsu, da kofi biyu.

"Baryalai, ubanka ya taɓa dafa wa Gulab Sher shayi?"

"Ko ruwa."

"Ko gubarsa ba zan sha ba," in ji Gulab Sher. Wani ya yi dariya, aka harare shi.

"To wanda ya zauna a nan an dafa masa. Ba da faɗa ya zo ba, zaɓe ya zo yi. Kaista, zo ka gaya musu bambancin waɗannan."

Kaista Gul ya matso da gwiwa. Ya ɗaga mai nauyin. "Wannan in ka zare gidan, ta kulle kanta. Ko da harsashi a ciki ba ta tashi." Ya ɗaga ɗayar. "Wannan kuwa babu ruwanta da gida. In ɗaya ya hau..." Bai ƙarasa ba. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Innalillahi."

"A cikin mai nauyin na tarar da harsashi," in ji Samandar. "Mara nauyin babu. Nata yana ƙirjin Ustaz. Mutum ne da ya tashi da irin waccan a gidansu, hannunsa ya saba, ya ɗauka duk haka suke. Ba ƙiyayya ce ta kashe Zarwali ba. Sabo ne."



"Kuskure ba ya goge sawu, Kaka," in ji Baryalai. "Wanda ya bar ubana kwance ya tsaya barbaɗa ƙasa, ya bar ni na kusa kashe mutum uku a banza, ina son sunansa."

Malik Sardaraz ya juyo. "Samandar, ka san shi?"

"Na san shi."

"To faɗi."

Samandar ya buɗe baki. Shekara hamsin yana kiran sunaye a zaure irin wannan, bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi haka ba.

"Ni ne."

Daga jikin ginshiƙi muryar ta fito. Nauroz ya ratso mutane, ya cire hularsa ya ajiye a gaban Baryalai, ya durƙusa.

"Ni ne, Lala. Don yarona ya ƙera su."

Ƙanen Baryalai ya zabura zai yi bakin ƙofa, dattawa biyu suka riƙe shi. Baryalai bai motsa ba. Shi da Nauroz aji ɗaya suka yi, shi ya riƙe masa rawani ranar aurensa.

"Jiya na zo ƙofarku," ya ce. "Kana ciki?"

"Ina ciki."

Gulab Sher ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙaramin ɗansa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Samandar, kamar zai yi godiya. Ya kalli fuskarsa, ya fasa, ya wuce.

*

Da hantsin Juma'a suka tafi neman afuwa yadda aka saba. Liman a gaba da Alƙur'ani, dattawa a baya, Samandar na jan tunkiya. Nauroz ba hula, ba takalmi, da igiya a wuya. Zarguna ta biyo su da jaririn a naɗe, ko da ba a ce ta zo ba.

Sun daɗe a tsaye kafin a buɗe. Baryalai ya fito, mara nauyin na hannunsa. Bayansa, daga cikin labule, muryar uwarsa ta fito, a dishe.

"Nauroz, wacce ka zaɓa?"

"Ban kai ga zaɓa ba, Inna."

"Ya ce mini mara nauyin za ka ɗauka. Ya ce kai ba ka son abu mai nauyi." Labulen ya motsa. "Ku miƙo mini yaron in gani."

Zarguna ta miƙa shi ta gefen labule. Babu wanda ya yi motsi. Can aka miƙo shi, goshinsa a jiƙe.

Baryalai ya sa gidan harsashi ya ja kai. Liman ya ɗaga Alƙur'ani. Samandar ya rufe ido.

Harbi uku, duk sama. Tattabaru suka tashi daga kan katanga.

"Wannan na yaron ne, Baba ya so ya yi," in ji Baryalai. Ya zare gidan, ya ja kai ya duba, ya miƙa wa Kaista Gul. "Ka sa ta a wuta." Sannan ya sunkuya ya cire igiyar daga wuyan Nauroz. "Jinin na yafe, don kuskure ne. Kwana biyun da ka yi shiru ne na kasa. Ka bar Darra yau. Matarka da ɗanka su zauna har ta yi arba'in, babu mai taɓa su. Amma ni kada in ƙara ganinka, don ban san abin da hannuna zai yi ba."

Bayan sallar Juma'a Samandar ya raka Nauroz ta hanyar bayan gari, inda motar Peshawar ke tsayawa. Nauroz ya ɗauki ɗansa sau ɗaya kafin su fito. Da motar ta tsaya ya sumbaci hannun ubansa.

"Ka riƙa shafa man nan a gwiwar, Baba."

"Hau, suna jira."

Motar ta tafi. Samandar ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Ga sawun nan a bakin kwalta, cikin ƙasa mai laushi: ƙafar dama, ta ɗan karkata waje, irin takun da ya sani tun ranar da mai shi ya fara tafiya yana riƙe da yatsansa.

Garken awaki na tahowa daga gangare. Ya kwance gefen mayafinsa, ya tsuguna, ya kife kwanon a kai.